Ranar da Tifar Gwaggo ta Tashi

Gwaggona, ƙanwar babanmu, ɗinki take yi tun tana budurwa. Mijinta direban tifa ne, yana kwaso yashi daga bakin kogi ya kai wuraren gini. Da Allah ya yi masa rasuwa, motar ta zauna a ƙofar gida har kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Dangi suka ce a sayar. Gwaggo ta ce sam, ai marigayi ya koya mata tuƙi tun tana amarya, kuma ita za ta ci gaba da aikin. Aka yi ta mata dariya. Ita kuwa ta je ta sabunta lasisinta, ta sayo batir sabo fil.

Da safiyar da za a tayar da motar, ta aika aka kira ƙanin mijinta, makanike ne, bakinsa ba ya hutawa. Ya iso da jakar sifanu yana tsokana.

"Matar yaya, kin dai san wannan ba keken ɗinki ba ce ko?"

"Rufe min baki ka buɗe bonet," in ji Gwaggo, ta tattare zane ta haye.

Ta murza makulli. Injin ya yi ta juyawa, gur-gur-gur, amma ya ƙi kamawa. Ta sake, haka dai.

"Tunda yana juyawa da ƙarfi, batir lafiya lau," in ji makaniken. "Mai ne ba ya isowa."

Gwaggo ta diro, ta zura sanda a tanki, sandar ta fito jiƙe da dizal. Makaniken ya kwance filtar mai, sai ga ruwa da dauɗa sun cika ta. Suka tsiyaye tankin, suka zuba sabon mai, ya ɗaura wata filtar. Maƙwabta sun riga sun yi dafifi. Ta sake murza makulli, motar ta ƙi. Wani dattijo ya ce da ma ya faɗa.

"Iska ce ta shiga layin mai," in ji makaniken. "Zo ki danna famfon hannun nan, kada ki tsaya sai na ce."

Ya sassauta ɗan notin da ke kan filtar, Gwaggo ta hau dannawa, gumi na zuba. Kumfa ta yi ta fitowa, can sai dizal ya yi tsartuwa ya wanke mata fuska.

"Ya zo! Wallahi ya zo!" ta ƙwala ihu.

Ya ɗaure notin, ta haye ko fuskar ba ta goge ba. Injin ya yi tari, ya sake yi, sannan ya ɓarke da ruri, baƙin hayaƙi ya turnuƙe layin. Mata suka ɗau guɗa. Makaniken ya rungume bambar gaban motar yana kuka yana dariya, domin rabonsa da jin ƙarar nan tun yayansa na da rai.

A makon ta samu aikin farko, na kai yashi wurin wani gini. Saboda ɗoki, ta juye yashin dab da ƙofar mai ginin, ta toshe masa mota a ciki. Ba ta tsaya dogon ban haƙuri ba, ta ari shebur wajen leburori, ta shiga cikinsu suka kwashe tare. Mai ginin ya tsaya yana kallonta, sannan ya ce gobe ma ta kawo, amma don Allah ta bari ya fita tukuna.