Katin da Kwamfutar Baba Ta Ƙi Gani

Baffana mai gyaran kwamfuta ne, kuma taurin kai a gidanmu gado ne, don haka ba zan ce shi kaɗai ke da shi ba. Shekara ashirin yana teburi ɗaya da babana a wani ƙaramin shago ƙarƙashin bene. Wata ukun ƙarshe ba sa magana da juna, a kan wata 'yar gardama da har yau ban san kanta ba. Sukuddireba ma sai dai ɗaya ya ajiye, ɗayan ya ɗauka. A haka Baba ya rasu.

Bayan rasuwar, Baffa ya buɗe kwamfutar Baba ya share mata ƙura, don a ba ni in ci gaba da aikina na zanen gidaje. Da ya kunna, sai ta ƙi ganin katin hoto, wato katon katin nan da ke ɗaukar nauyin zane. Ga shi a raminsa, fankarsa tana juyawa, amma kwamfutar ta nuna babu shi.

Ya cire, ya goge haƙoransa da sifirit, ya hura, ya mayar. Ya canza wayar wuta. Ya sauke manhajar katin ya ɗora sabuwa. Ya sa katin a wata kwamfutar, ya yi aiki lafiya lau. Ya dawo da shi, shiru.

Mako biyu ana haka. Mutumin da ke tsokanar kwastoma har su manta abin da ya kawo su, ya koma ba ya ko amsa sallama da ƙarfi. Ya daina zama gefen kujerar Baba. Wata rana da hantsi na tarar da shi tsaye ya zuba wa fankar ido.

"'Yata," ya ce, "ba katin ba ne. Ni ne babanki ba ya son gani. Bai yafe mini ba."

Haushi ya kama ni. Na ce, "Haba Baffa, ƙarfe ne fa." Amma ni ma na ji tsoro, don shagon har lokacin ƙamshin turaren Baba yake yi.

Na duƙa na leƙa cikin akwatin kwamfutar, abin da ban yi ba tun rasuwar. Sai na ga katin ya ɗan sunkuya ta baya.

"Baffa, ina guntun fensirin da ke nan?"

"Wane fensir?"

"Wanda Baba ya tokare katin da shi. Ya ce ramin ya saki, in babu tokari ba ya kamawa."

Ashe ranar da Baffa ya share wa kwamfutar ƙura, ya ɗauka tarkace ne, ya jefa shi kwandon bola.

Ya zaro nasa fensirin daga aljihu, ya yanka da reza. Na farko ya yi gajere. Na biyu ya shiga daidai. Ya kunna, sunan katin ya fito ɓaro-ɓaro.

Na zaci zai yi dariya. Sai ya zauna a ƙasa.

"Yaushe ya sa shi?"

"Wata biyu kafin ya rasu."

"Ina nan zaune kusa da shi?"

"Kana nan, Baffa."

Ya daɗe yana kallon kujerar, sannan ya ce, "Da na tambaye shi me yake yi, da ya gaya mini."