Miyar kuka da manhajar gwaji

"Miyar nan ba ta yi ba," na ce wa matata Binta. A East Greensboro ta ƙasar Amurka muke lokacin, a shekarun 1990, ina karatun kwamfuta.

Kwanaki ke nan ina mata mitar manhajar da muke gwada aikinmu da ita. In an yi kuskure, "bai yi ba" kawai take rubutawa, ga lokacin miƙa aikina ya matso.

Ta ajiye ludayi. "Gishiri ne ko daddawa? Malam, kai ma ka zama manhajar taka."

Muka yi ta dariya. Washegari na gyara manhajar, ta koma faɗin abin da ake tsammani, abin da ya fito, da layin da ya lalace.

Miyar kuwa, gishiri ne.

Ku fa, wa ya koya muku faɗin ainihin inda matsala take?