Pyo Yeon-sil, Ƙwayayenki Sun Farka Bayanki

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, aka bugo mana waya ɗakin bincike cewa Dakta Pyo Yeon-sil ta yanke jiki ta faɗi a tashar jirgin ƙasa ta Jinju, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Har yau zancen bai zauna mini ba.

Yaya, kamar yadda muke kiranki a ɗakin bincike, ke kika koya mini aikin da ya cinye ƙuruciyarki: tayar da ƙwan haihuwar karya da magani, ya fara rabuwa kamar zai zama ɗa ba tare da namiji ya kusance shi ba. Ƙwan baƙi ne wuluk saboda kitse, da ƙyar ake ganin cikinsa. In na yi ƙorafi sai ki ce, "Dong-ha, ƙwan ne da duhu ko kanka?" Kuma duk karyar da ta tsufa a wurinmu, sai kin bi gida-gida kin samo mata mariƙi. Wata mai ido ɗaya da kowa ya ƙi, a gadonki take kwana.

Ranar Litinin, ana gobe za ki rasu, na ga kin sauya haɗin maganin. Na tambayi dalili, kika ce, "Gobe dai, sarkin gaggawa. Yunwa nake ji." Muna can muna zaman makokinki, ƙwayayen suka yi ta rabuwa, fiye da duk abin da muka taɓa gani. Mun gwada maimaitawa, ya ƙi. Dabara ce kika gano, ko kuskure kika yi? Ban san ko murna zan yi ba.

Da na durƙusa gaban hotonki na ajiye farin fure, mahaifiyarki ta riƙe mini hannu. "Ɗana, wai da gaske za a haifi kwikwiyo marar uba?"

"A'a, Mama. Irin wannan ƙwai yakan rabu na 'yan kwanaki, sai ya tsaya."

"To, don me ta ƙi dawowa gida duk shekarun nan?"

Na san amsar da muke ba ɗalibai, amma sai kawai na riƙe hannunta da hannu biyu.

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya sa kin huta. Ya ba Mama da ƙaninki Jae-gu haƙurin wannan rashi. Mu kuma da kika bari tsaye a gaban madubin bincike, Ya nuna mana ta inda za mu fara.