Sale Weji da Ɓawon Rake

Ku da kuka san Sale Weji, ku faɗa mini tsakaninku da Allah: kun taɓa ganin ya zauna a benci bai fara jijjiga shi ba? Ko a zaman makoki ne sai ya gwada. In ya ji ɗan motsi, shi ke nan, hannu ya tafi aljihu. Aljihun nan kuwa bola ce guda: tsohon katin waya, kwalin ashana, guntun reza, duk na cusawa a ƙarƙashin ƙafar benci, shi ya sa ake ce masa Weji. "Ba lalacewa ya yi ba," in ji shi, "zama ne bai samu ba."

Ba na manta ranar da muka raka shi Paki gaida surukai. Tsohon yana tsakiyar yi mana nasiha, muna durƙushe, sai na nemi Sale na rasa. Ashe ya rarrafa gindin kujerar surukin.

"Baba, ɗan ɗaga kaɗan."

Tsoho kuwa ya ɗaga! Da ya koma ya ji kujera daram, sai ya ce, "Madalla. Ina muka tsaya?"

A ƙungiyarmu ta kiɗan biki ni ke kaɗa jita mai lantarki, Sale ke gyara. Kaɗawa kam Allah bai ba shi ba. In ya taɓa tsirkiya har awaki sai sun bar wurin. Amma gyara sai shi. Noti huɗu ke riƙe da wuyan jita. Sai ya kwance su, ya cusa ɗan siririn abu a gindin wuyan, ya ɗaure. Wuyan ya ɗan kishingiɗa, tsirkiyoyi su sauko kusa da katako, dannawa ta yi taushi. Wani makaɗi daga Kudan ya taɓa ce masa a birni ana sayar da abin cusawa na musamman. Sale ya ce, "Wannan ai katin waya ne da ya yi boko."

Sai shekarar da injin matse rake ya kama mini hannun hagu a wurin dafa mazarƙwaila a Nasarawan Doya. Ƙaramin yatsa ya tafi, biyu suka warke ba ƙarfi. A asibiti kowa na cewa sannu, shi wannan bawan Allah ya kama hannun yana jujjuyawa. "Haruna, matsa yatsana in ji." Wallahi zaginsa na yi.

Da na koma gida na ɗauki jita, na kasa danne ko tsirkiya ɗaya. Baƙin cikin da na ji ya fi na ranar injin. Ran kasuwar Makarfi na saɓa ta zan rabu da ita, Sale ya tare ni a hanya ya fizge.

"Ba ni jitata!"

"Ai ka sake ta. Idda za ta yi a gidana."

Daga nan na shiga uku. Kullum sai ya aiko in zo in gwada. Katin waya ya yi kauri, tsirkiya ta kwanta tana ƙugi. Kwalin ashana ya lotse. Reza ba ta ɗaga komai ba. Na ce, "Sale, don girman Allah ka ƙyale ni! Hannun ne ya mutu, ba jitar ba." Ko kallona bai yi ba.

Rannan na tarar da shi yana kankare busasshen ɓawon rake da fasasshiyar kwalba, yana ɗagawa yana hangen rana ta cikinsa. Ashe har can gonar raken da injin ya kama ni ya taka ya tsinto.

"Rake ya ci maka yatsa," in ji shi, "rake zai biya."

Ya cusa, ya ɗaure, ya miƙo mini. Na ɗora yatsun nan marasa ƙarfi, ban ma danna sosai ba, sai sauti ya fito tas. Na sake, ya sake fitowa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba, ga ni ƙato da gemu.

"Kuka kake ko waƙa?" in ji Sale. "In waƙa ce, ba ta hau ba."

Bara ya riga mu gidan gaskiya. Har yau da yatsu uku nake kiɗa, kuma ban bar kowa ya taɓa notin nan ba. Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan Sale, ya sassauta masa makwanci kamar yadda ya sassauta mini tsirkiya.