Ranar da Rafin Taura Suka Mayar da Kyauta

A duk shekarun da na yi ina gyaran rijiyoyin burtsatse a sashen ayyuka na ƙaramar hukumarmu, nan kudancin Kano, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wadda aka aike ni Rafin Taura. Ku da kuka kama aiki kwanan nan kun san ƙauyen, amma ba ku san abin da ya faru a can ba.

Da bazara ne, ba a daɗe da gama zaɓen ƙananan hukumomi ba. Tsohon ciyaman ya faɗi, sabo ya hau. Ga wanda bai san tsarinmu ba, kowane sashe yana da shugaba, ma'aikaci ne kamarmu, ciyaman ya zo ya tarar da shi, ya tafi ya bar shi. A samansa kuma akwai kansila mai gafaka, wato ɗan siyasar da ciyaman ke naɗawa ya kula da sashen. Namu a lokacin Alhaji Dauda ne, mutumin da ya sha wuyar kamfen ƙwarai.

Wata safiya shugaban sashenmu, Injiniya Bala, ya kira ni ofis. Na tarar da kansila a zaune. Bayan mun gaisa, sai kansila ya ce, "Malam Sabi'u, za ka kwance sumo da farantan sola na Unguwar Kargo, ka kai Rafin Taura ka ɗaura."

Sumo shi ne injin da ake zurawa cikin rijiya ya turo ruwa zuwa tanki. In aka cire shi, rijiya ta koma rami kawai. Na Unguwar Kargo tsohon ciyaman ne ya sa musu, su kuma shi suka zaɓa ƙwansu da ƙwarƙwatarsu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai nasu lafiyarsa ƙalau."

Ya ce, "Na sani. Akwatin zaɓensu ma mun gani. Su je wanda suka zaɓa ya shayar da su. Mutanen Rafin Taura da suka tsaya mana, rijiyarsu ta daɗe a mace, wa ya tausaya musu?"

Zancen mutuwar rijiyar gaskiya ne, ni na sha kai rahotonta. Na dubi Injiniya, na ga ya sunkuyar da kai. Sai na ce ƙa'idar aiki ita ce a fara auna rijiyar da za a kai injin, a ga zurfinta da faɗin bututunta, kada a ɗauko abin da ba zai shiga ba. Injiniya ya yi wuf ya ce haka ne. Kansila ya ce in je a ranar.

Na hau babur. Hanya ta bi da ni ta Unguwar Kargo. Mata sun yi layi da bokitai, Fulanin wajen Burumburum sun kawo shanu suna sha a kwami. Wani dattijo ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa, ban iya tsayawa ba.

A Rafin Taura na sauka ƙofar gidan mai unguwa, Baba Tanko, tsoho mai ƙarancin magana. Ɗansa Auwalu, shugaban matasan jam'iyyar sabon ciyaman a mazaɓar, shi ya raka ni bakin rijiya. Na auna, na ga injin zai zauna daram. Muka dawo na faɗa wa Baba, matasa suka taru suna murna.

Baba ya ce, "Madalla. Sabo aka sayo mana?"

Na ce, "A'a, Baba. Na Unguwar Kargo ne za a kwanto."

Sai Auwalu ya ce, "To, sai me? Baba, mu muka sha rana a layi, mu aka jefa da duwatsu ranar kasuwa. Abin da mutum ya shuka shi zai girba."

Baba ya dube shi ya ce, "Auwalu, ruwan da uwarka ta dama maka koko da shi yau, daga ina aka ɗebo?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Tun da tamu ta mutu, can Unguwar Kargo ƙannenka ke tura kurar ruwa. Har ranar zaɓen sai da aka je aka ɗebo. Akwai wanda ya tare su ya tambayi jam'iyyarsu?" Sannan ya juyo gare ni. "Malam, ka koma ka ce mun gode, amma ba ma so. Mun zaɓi ciyaman ne ya gyara mana tamu. Shi zai yi wa'adinsa ya sauka. Mu da Unguwar Kargo maƙabartarmu ɗaya."

Na ce, "Baba, in na kai maganar nan da bakina, cewa za a yi ni na kitsa ta."

Ya miƙe ya ɗauki sandarsa. "Ashe sai ka goya ni."

Haka na goya shi har sakatariya, cikin wannan rana. Ciyaman bai bar shi ya daɗe a benci ba, don ya san yawan ƙuri'ar da ta fito daga Rafin Taura. Baba ya maimaita maganarsa, bai ƙara ba, bai rage ba. Ciyaman ya ce shi bai san da wannan umarni ba. Ko ya sani ko bai sani ba, Allah ne masani. Ya ce a bar wa Unguwar Kargo kayansu, amma ya faɗa wa Baba ƙiri-ƙiri cewa babu halin sayen sabo a lokacin, sai dai su ƙara haƙuri.

Kada ku ɗauka abin ya zo wa kowa da sauƙi. Yaran Rafin Taura suka ci gaba da tura kura har damina ta sauka, sabon sumo bai iso musu ba sai da kaka. Matasa suka yi ta gunaguni, wasu suna cewa tsufa ne ya kama mai unguwa. Auwalu ya rasa shugabancinsa. Ni kuma aka mayar da ni duba rijiyoyin ƙauyukan bayan duwatsu, inda babur ma da ƙyar yake shiga, na jima a can kafin a dawo da ni. Baba Tanko bai taɓa zuwa Unguwar Kargo ya ce ga abin da ya yi musu ba. A bakin 'yan kasuwa suka ji.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu za a riƙa ba ku umarni da sunan jama'a, a ce mutanen wuri kaza ne ke so, alhali ba wanda ya je ya tambaye su. Ban ce ku yi wa na gaba da ku taurin kai ba, ma'aikaci ba ya daɗewa da haka. Amma kafin ku kwance ko da noti ɗaya, ku je ku gai da wanda aka ce dominsa ake aikin, ku faɗa masa daga inda kayan suka fito. Wani zai karɓa ya yi godiya. Wani kuma zai ɗauki sandarsa ya ce ku goya shi.