Kawu Garba Mai Kama Hannu

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Garba hannu ya san ba gaisawa za a fara yi ba. Kana sallama zai cafke wuyan hannunka, ya ɗora yatsu, ya kafa wa agogonsa ido, sai ya gama jin bugun jininka sannan ya amsa. Na ga ya yi wa wani dillalin albasa ɗan Aliero haka a tsakiyar kasuwar Jega.

"Alhaji, rage gishiri."

"Garba, gaisuwa niz zo yi, ba awo ba."

"Ni kuwa ta'aziyyarka ta ba ni son zuwa."

Wan mahaifiyata ne, tsohon nas da ya ƙare aikinsa a Sakkwato, ɗakin waɗanda rai ke hannun Allah. Da aka ba mu jihar Kebbi ya tattaro ya dawo Jega, ya buɗe zaurensa ga ɗaliban jinya masu shirin jarrabawa. Ni ne ɗalibin da ya fi ba shi takaici. Dama ɗaya ta rage mini. In na sake faɗuwa za a sallame ni, in koma garinmu Sabiyal ban ruwan albasa.

Kawu ya ce ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza mana ba, tarbiyya ce ta yi mana yawa. Ana cikin karatu sai kawai ya zube ƙasa ya sandare. Ranar farko muka kewaye shi, muka durƙusa, kowa na sannu Baba, sannu Kawu. Ya buɗe ido ɗaya.

"Sannu ta nawa ke nan? Ai na mutu tun ta hwarko."

Wai mu keta masa riga, mu buɗe masa baki, mu danna ƙirji. Wa zai keta rigar kawunsa? Sai da ya rantse zai haɗa ni da mahaifiyata sannan na kama wuyan rigar ina ba shi haƙuri. Riga ɗaya ya ware don wannan aiki. Mu keta da safe, matarsa Inna Hauwa ta ɗinke da la'asar, har ɗinki ya fi yadin yawa.

Wata rana ya tara tsofaffin matan unguwa, ya ce su ne 'yan dubiya, shi kuma majinyaci ne da ya suma. Aikina in fitar da su, in hana su ɗura masa kunu. Na rusuna na ce, "Iya, don Allah ku ɗan ba mu wuri." Ɗaya ta tambaye ni ɗan wane ne ni, ɗaya ta ce ita ta yi wa uwata wankan jego. Kafin in ankara ina zaune a tabarma da ludayi a hannu. Kawu ya tashi zaune ya kakkaɓe jiki.

"Majinyaci ya mutu, nas ya ƙoshi."

Muka yi ta dariya. Shi bai yi ba. Ya ce mutane na mutuwa tsakanin Maiyama da Birnin Kebbi don babu mai riƙe su a hanya, mu kuma muna nan muna shan kunu.

Da jarrabawa ta matso, ciwon ƙirji ya kayar da Kawu a gonarsa ta Dangamaji. Na iske shi a wani ƙaramin asibiti yana jan numfashi da ƙyar, leɓɓansa sun yi duhu. Na kori 'yan dubiya da tsawa, har da waɗanda suka girmi ubana. Na kishingiɗar da shi, na sassauta masa wuya.

"To, nas," in ji shi. "Mi za ka yi?"

Na jero masa komai bi da bi: iskar numfashi, buɗe hanyar jijiya don sa ruwa, allurar da ta dace, motar asibiti.

"To yi."

Tulun iskar babu komai a ciki. Allurar ta ƙare tun bara. Motar tana kan duwatsu, ba taya.

"Babu, Kawu," na ce.

Ya dube ni. "Amsarka daidai ta. Laihin ba naka na ba."

A bayan akori-kura muka ɗauko shi, kan buhunan gero, kansa a cinyata. Ba mu kai Birnin Kebbi da ransa ba.

Na zauna jarrabawar, na ci. Kusan tambayar da ya yi mini ce ta fito, na cika takarda da kayan da ban samu ba ranar da nake nemansu. Ban yi murna ba, kuma har yau in aka shigo mini da majinyaci irinsa gabana faɗuwa yake, don na san abin yi sarai, kayan yin ne ba tabbas.

Allah ya jiƙan Kawu Garba. Yadda ya yi ta fafutukar sauƙaƙa wa bayinka numfashi, ya Allah ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ya huta.