Baba Bai Rasu a Hanyar Umra Ba

Ina zaune a layin likitan zuciya ranar Lahadi da safe, katin asibitin Baba a hannuna, ina jiran ya iso, sai wayar Baffa Idrisu tela ta shigo. Baffa Idrisu na unguwar Waziriyya a nan Jidda shi ne abokin yawon mahaifina tun kafin a haife ni. Ya ce, "Rabi'atu, sai haƙuri. Alhaji Sani ya riga mu." Na karanta innalillahi, sannan na tambaye shi a ina. Kafin ya amsa na gane da kaina. A bakin ramin Wahba ne, can bayan Ɗa'ifa, a daidai safiyar da na sha wuyar samo masa ganin likita.

Da fushi nake wannan rubutu, kuma ba zan yi masa lulluɓi ba. Ina fushi da Baba, Allah Ya jiƙansa, wanda ya kalli idona ranar Asabar ya ce in riga shi zuwa asibiti, yana tafe. Amma fushin da ya sa na ɗauki alƙalami na yayana Usman ne.

Tun daren farko na zaman makoki a unguwarmu Hindawiyya, mata ke shigowa suna yi mini barka a cikin ta'aziyya. Wai mahaifinmu ya dace da kyakkyawan ƙarshe, ajali ya same shi yana hanyar miƙatin Sail zai ɗaura harami ya yi umra. Na ɗauka kuskuren baki ne, sai na ji daga wajen maza labarin ya fito. Hanyar Wahba ta nan Sail take bi, don haka Yaya bai sha wahalar ɗinka zancen ba. Na sa aka kira mini shi bakin ƙofa. Ya ce so nake a riƙa cewa tsoho mai furfura ya mutu a wurin yawon buɗe ido kamar Bature? Ya ce sutura yake yi wa Baba. "Halas, ya isa, Rabi, ki bar maganar." Na ce masa sutura ta mai abin kunya ce, ya gaya mini abin kunyar. Ya juya ya koma cikin kujerun maza.

To ga mutumin da ake son a suturta. Direban tankar ruwa ne, rabin rayuwarsa a lungunan Hindawiyya da Ammariyya. Idan ya samu hutu, sai ya cika jarkoki, ya ɗauki sandarsa da butar shayi ya nufi Wahba. Rami ne mai faɗin gaske wanda wutar ƙarƙashin ƙasa ta fasa tun zamanin da ba kowa, gefensa baƙin dutse, gindinsa fari fat kamar an shimfiɗa likkafani. Ba ya barin wurin sai ya tsince robobin da 'yan shaƙatawa suka watsar, ya kuma ajiye jarka ɗaya a inuwar dutse saboda wanda zai zo da ƙarancin guzuri. Yakan ce ya tsani ganin mutum ya zo kallon ikon Allah ya bar masa shara.

Sau ɗaya na bi shi, ina budurwa, lokacin ba a hana sauka ba. Saukar wasa ce. A hawowa takalmina ya tsinke, numfashina ya ƙare, na zauna na rantse ba zan ƙara taku ɗaya ba. Bai lallashe ni ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya cire takalminsa ya ba ni, ya ce, "Kada ki dubi sama. Dubi dutsen da ke gabanki, shi kaɗai ake binki." Shi ya hau da safa kawai. Na yi mako ba na yi masa magana, shi kuwa ya yi makon yana ɗingishi yana dariya.

Mutanen layinmu ba za su manta da shekarar kanwa ba. Baba ya ɗebo farin ɓawon gindin ramin a leda don ya nuna mana. Tsofaffin mata suka lasa, suka yi shaida cewa kanwar gida ce sak, irin wadda iyayensu ke ba da labari. Ya ce musu shi bai san ko mece ce ba. Ba wadda ta saurare shi. Aka raba ta gida gida, aka jefa a miyar kuɓewa da wake, washegari kuwa babu ban ɗakin da ya huta a layin. Baba ya bi ƙofa ƙofa yana ba da haƙurin laifin da ba nasa ba, da ruwan kwalba a hannu. Daga nan aka laƙaba masa Sarkin Kanwa, ya kuma amsa sunan har ya bar duniya.

Abin da Yaya ya sani sarai, yake yi kamar ya manta, shi ne dalilin wannan yawo. Kakarmu Inna Hajara da ƙafa ta zo ƙasar nan daga ƙasar Katsina, shekaru tana tafe. Ta sha ba da labarin cewa a duwatsun Marra na Darfur ta ga tafki kwance a bakin dutsen da ya taɓa aman wuta. Maƙwabta suka mayar da zancen abin dariya, wai wahalar hanya ce ta taɓa mata kai, ta yaya ruwa zai kwanta inda wuta ta fito. Baba ya yi dambe a kan wannan tun yana ƙarami. Ya so ya je ya gani, amma a Jidda aka haife shi, takardunsa ba su taɓa daidaita yadda zai fita ya dawo ba, daga neman kafili mai tsaya masa sai sabunta iƙama, takardar zama. Wahba ce kaɗai irin wannan wuri da ƙafarsa za ta kai. An gaya masa idan aka yi ruwan sama mai yawa, gindin yakan zama tafki na ɗan lokaci. Duk zuwansa a bushe yake tarar da shi, domin ranar da ruwa ya sauka a ƙasar nan ita ce ranar da mai tanka ba ya samun hutu, saboda kwashe ruwan da ya cika tituna.

A makon da ya rasu aka tafka ruwa a tsaunukan Ɗa'ifa, ga shi ya riga ya ajiye tuƙi. Ya san tafkin ba zai jira likita ba. Ni kuma na san zuciyarsa ba za ta jira tafki ba, shi ya sa bai gaya mini ba. Na karanta littattafai da yawa a kan haƙuri, babu wanda ya koya mini yadda ake yafe wa uba irin wannan taurin kai.

Na zaunar da Baffa Idrisu na ce ya faɗa mini abin da ya faru, kada ya ƙara kada ya rage. Ya ce ba su sauka ba. Sun taka a hankali har inda ake hangen gindin, sai ga ruwa shimfiɗe, sararin sama kwance a cikinsa. Baba ya jingina sandarsa, ya yi raka'a biyu, ya zauna a kan dutse ya ce a dafa shayi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Idi, ka gani ko? Inna ba ta yi ƙarya ba." Kafin ruwan shayin ya tafasa ya cika.

Wannan ne ƙarshen da Yaya yake jin kunyarsa. Mutum ya shafe rayuwarsa yana neman wanke mahaifiyarsa daga zargin ƙarya, ranar da ya wanke ta, sai ɗansa ya lulluɓe shi da ƙarya. Yaya, ka yi haƙuri, ba zan bari ba. Duk wanda ya yi mini barkar umra, ya zo in mayar masa da barkarsa. Babu harami a motar nan. Jarkokin ruwa ne, da buhun tsintar shara, da maganin da bai sha ba.

Ya Allah, Kai ne Ka san inda bawanKa Sani ya cika, ba Ka buƙatar mu gyara maKa labari. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da lungunan garin nan. Ka haɗa shi da Inna Hajara a Aljanna, ya gaya mata da bakinsa. Ka ba mahaifiyarmu juriya, Ka saka wa Baffa Idrisu da alheri, Ka daidaita tsakanina da Yaya Usman a kan gaskiya. Ni kuma Ka sanyaya mini zuciya, domin katin asibitin yana nan a jakata, kuma har yau ban huce ba.